Dashen jijiya ba ya kamawa sai jini ya shiga

Jama'a duk wanda ke zaune Agege ko Mile 12 ko Idi-Araba a Legas ya san wani ɗan uwanmu da hannunsa ya shanye bayan haɗarin acaɓa, ko mahauci a abbatuwar Oko-Oba da wuƙa ta yanke shi a wuyan hannu, ciwo ya warke amma yatsu sun daina ji. Jijiyar da ke kai saƙo tsakanin ƙwaƙwalwa da hannun ce ta tsinke, kuma in giɓin ya yi faɗi ba a iya jawo bakin biyu a ɗinke, sai likita ya yanko wata siririya daga sharaɓar mutum ya dasa a tsakani.

Toh wannan guntun fa an raba shi da jininsa, kwanakin farko ɗan ruwan naman da ke kewaye da shi kawai yake tsotsa, sai daga baya ƙananan hanyoyin jini su tsiro su shige shi, wasu ta bakin da aka ɗinke, wasu daga naman gefe, in wajen duk tabo ne ko guntun ya yi kauri da yawa to tsakiyarsa mutuwa take yi, shi ya sa sirara ake jerawa kamar igiya. Tun 1976 likitoci biyu a Ostireliya, Taylor da Ham, suka dasa jijiyar saƙo haɗe da hanyar jininta saboda wannan matsalar. A 2015 kuma masu bincike a Landan suka nuna a jikin ɓeraye cewa hanyoyin jinin ne ma ke fara tsallake giɓin, ƙwayoyin da ke jagorantar jijiyar su bi ta kansu. Allah mai iko!

Abin da ke ci min rai shi ne jinkirin da muke yi. Jijiya kusan milimita 1 take tsirowa a rana, ka lissafa daga kafaɗa zuwa yatsu, shi kuma naman da ya zauna babu saƙo shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi da wuya ya dawo, amma sai mutum ya share wata shida wajen mai ɗori ana murza ana shafa mai. Ɗori na ƙashi ne malam, tsinkakkiyar jijiya sai tiyata, ga asibitin ƙashi na Igbobi nan kusa da mu. Wanda aka yi wa aikin kuma don Allah ya ajiye sigari, tsuke hanyoyin jini take yi.