Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Bitar da Muka Yi a Katsina

Assalamu alaikum, masu bibiyar wannan labari. A makon jiya na tsaya a inda Hajiya firinsifal ta miƙa mini mabuɗin wani ɗan ɗaki da ke jikin ɗakin gwaje-gwaje, ta ce daga ranar ni ce malamar ba da shawara ta makarantar, ƙari a kan Bayolojin da nake koyarwa. Hujjarta ita ce 'yan mata suna sakin jiki da ni.

Abin da na tarar a ɗakin tebur ne da kujeru biyu da wata kabad. Da na buɗe kabad ɗin sai na ga cike take da takardun da ɗalibai suka rubuta na alƙawarin ba za su sake aikata laifi ba, kowace da sa hannun mahaifi a ƙasa. Wadda aka kama da waya, wadda ta tsallake firef, waɗanda suka yi dambe a layin famfo. Ba takarda ko ɗaya da ta shafi inda yarinya za ta nufa bayan ta gama aji shida. Haka aka ɗauki ofishin a makarantu da yawa a lokacin, wurin kai mai laifi. Shi ya sa idan na aika a kira mini ɗaliba, sai ta shigo jiki na rawa, ta durƙusa tun daga bakin ƙofa tana rantsuwa kafin in ce uffan.

Ana dab da dogon hutu na 2018 takarda ta zo daga ofishin shiyya, ana gayyatar malaman ba da shawara zuwa taron bita a Katsina. Maigidana bai hana ba, ya ce dai in bar yara wurin Inna. Na tafi da jaka ɗaya da sabon littafin rubutu mai kauri.

Waɗanda suka fara koyar da mu malaman jami'a ne daga tsangayar ilimi. Daga bakinsu na fara jin cewa aikin nan yana da asali a ƙasar nan. A 1959 wasu sistocin Katolika a makarantar St. Theresa da ke Oke-Ado a Ibadan suka gayyato mutane masu sana'o'i daban-daban su yi wa 'yan matan da ke shirin fita bayanin aiki. Ƙungiyar masu ba da shawara ta ƙasa, CASSON, an kafa ta a 1976, sannan manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta ambaci aikin a fili. An kuma karantar da mu tsarin wani Ba'amurke, Frank Parsons, wanda tun farkon ƙarni na ashirin ya ce zaɓen sana'a mataki uku ne: mutum ya san kansa, ya san aikin da yake hange, sannan ya auna biyun da hankali. Duk na rubuta, kuma yana da amfani. Amma abin da ya sauya mini aiki ya zo ne daga wani dattijo da ya daɗe yana aiki a ofishin ɗaukar ɗalibai na wata jami'a har ya yi ritaya.

Bai zo da majigi ba. Ya shigo da farar takarda, ya sa aka raba mana falle ɗai-ɗai, ya ce kada kowa ya rubuta suna. Sai ya ce: "Malamai, ɗalibarku ta zo ta ce tana son karatun lauya. Ku rubuta mini darussa huɗun da za ta zauna wa a JAMB. Ku yi haka ga injiniya, da harhaɗa magunguna, da tattalin arziki." Ya tattara, ya gyara zaman tabarau, ya fara karantawa ɗaya bayan ɗaya. Wani ya sa Lissafi a harhaɗa magunguna ya cire Bayoloji. Wani ya rubuta tattalin arziki ba Lissafi. A lauya kuwa, takardu ƙalilan ne suka ambaci Adabin Turanci. Ɗakin ya yi tsit.

Bai yi mana faɗa ba. Ya ajiye takardun ya ce: "Yarinyar da aka cike wa haɗin darussa ba daidai ba, ko ta ci maki 300 cikin 400, sashen da take so ba zai dube ta ba. Kuma ba za ta san dalili ba. Za ta koma gida ta ce an cinye mata gurbi saboda ba ta da kowa."

Wannan magana ta zauna mini a zuciya, don na sha jin iyaye suna faɗin ta. Ban ce ba a yin alfarma a duniya ba. Amma tun daga ranar na gane cewa da yawa daga cikin yaranmu tun a wurin cike fom suke faɗuwa, kafin ma su zauna gaban kwamfuta.

Daga nan ya bi da mu dalla-dalla. Turanci dole ne ga kowa, tambaya 60, sauran darussa ukun tambaya 40 kowanne, duka cikin awa biyu, kuma tun 2015 jarrabawar ta koma kan kwamfuta gaba ɗaya. Likitanci da harhaɗa magunguna da aikin jinya a jami'a suna tafiya da Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Injiniya na son Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Sai kiredit biyar a WAEC ko NECO, waɗanda a lokacin dole su haɗa da Turanci da Lissafi, a zama ɗaya ko biyu, amma wasu jami'o'in ba sa karɓar zama biyu a likitanci. Ya nuna mana yadda ake buɗe kundin kwasa-kwasai na JAMB a intanet, inda kowace jami'a ta rubuta sharaɗinta na musamman, ya ce malamin ba da shawara da bai buɗe wannan kundi a shekarar da yake ciki ba, da ilimin bara yake aiki.

Inda ya fi daɗewa shi ne tsarin CAPS, wato shafin JAMB da ake ba da gurbin karatu ta cikinsa, wanda aka fara aiki da shi a 2017 ƙarƙashin Farfesa Is-haq Oloyede. A da, yaro ya rubuta jarrabawa sai ya zauna jiran a liƙa suna a allo. Yanzu dole sakamakonsa na sakandare ya kasance an ɗora shi a shafinsa na JAMB, in ba haka ba ba za a yi la'akari da shi ba. Idan an ba shi gurbi kuma, sai ya shiga da kansa ya danna cewa ya karɓa. Dattijon ya ce akwai yaran da ake ba su gurbi suna zaune a ƙauye ba su sani ba har lokaci ya wuce. Ya kuma gargaɗe mu a kan duk wani admishan da bai bi ta wannan hanya ba, don ranar tafiya bautar ƙasa ake gane an yi aikin banza.

Akwai abu ɗaya da ya sa na ji ƙwarin gwiwa. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi uku: 45 cikin 100 bisa cancanta zalla, 35 ga 'yan yankin da jami'ar take, 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin na baya a ilimin boko, kuma mafi yawan jihohin Arewa suna cikinsu. Ke nan inda yarinya ta zaɓa a matsayin zaɓin farko yana da nauyi ƙwarai. Ɗalibata 'yar Katsina da ta sa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ba ɗaya take da wadda ta jefa kanta wata jami'a mai nisa don kawai sunan ya yi mata daɗi ba. Ya kuma tuna mana da ƙofofin da muke rainawa: makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua, da IJMB (karatun share fagen shiga jami'a), da NCE (shaidar malanta) a Kwalejin Ilimi ta Tarayya ta Katsina ko ta Isa Kaita, da difloma a Foliteknik ta Hassan Usman Katsina. Wanda ya gama IJMB ko NCE ko difloma da sakamako mai kyau yana iya shiga jami'a kai tsaye a aji biyu.

Da aka koma hutu, abin da na fara yi shi ne na roƙi Hajiya ta cire shari'ar masu laifi daga ofishina ta mayar wa kwamitin ladabtarwa. Ta dube ni ta ce, "Malama, to me za ki riƙa yi a ciki?" Na ce, "Ranki ya daɗe, ki ba ni darasi ɗaya a mako da 'yan aji huɗu, za ki gani." Ta ba ni, Allah ya saka mata da alheri.

Aji huɗu na nema, ba aji shida ba, don a nan ake raba yara zuwa kimiyya da adabi da kasuwanci, kuma a nan ƙofofi suke rufewa ba a ji ƙararsu ba. A makarantarmu 'yan ajin adabi kusan duk suna gudun Adabin Turanci, ga shi rabinsu in ka tambaye su sai su ce lauya za su zama. Na je na zauna da malamin Turanci, muka shawo kan wasu suka shiga. Na sayi katuttuka, na yi wa kowace yarinya nata: cikakken sunanta yadda za a rubuta shi a ko'ina, ranar haihuwa, burinta na farko da na biyu, da makinta na kowane zango a darussan da burin ke buƙata. Maganar suna kuwa kada a raina ta. Yarinya ɗaya za ka ga a takardar firamare an sa sunan mahaifi, a WAEC an sa sunan kaka, a JAMB mai kafen intanet ya ƙara sunan gari. Da aka wajabta lambar NIN a rajistar JAMB a 2021, katuttukan nan sun cece mu daga wahala mai yawa.

Na kuma kafa doka: babu ɗalibata da za ta yi rajista da layin wayar mai kafe ko na saurayin yayarta. Lambar wayar da aka aika saƙon fara rajistar JAMB da ita zuwa 55019 ita ce ke manne da yarinya, ta nan saƙonni ke zuwa. Layin uwa ko na uba, ko a saya mata nata a ajiye a wurin uwa.

Abin da bita ba ta iya koya mini sosai ba shi ne zama da iyaye, wannan sai a bakin aiki. Akwai wani dattijo mai sayar da hatsi da ya zo ofishina bayan sakamakon JAMB ya fito. 'Yarsa ta ci 204, kuma likitanci aka cike mata. Ya zauna ya cire hula ya ɗora a gwiwa, yarinyar na tsugune gefe ta rufe rabin fuska da hijabi. Ya ce, "Malama, tun tana goye na ce likita za ta zama. Mahaifiyarta a wurin haihuwar ƙaninta ta rasu, ba likita mace a kusa." Na yi shiru na ɗan lokaci, don wannan ba magana ce da ake amsawa da lissafin maki nan take ba. Na yi masa ta'aziyya. Sannan na ce, "Baba, niyyarka mai kyau ce, kuma ba za mu jefar da ita ba. Amma bari in nuna maka yadda abin yake." Na ɗauko katinta na juya masa. Bayoloji da Kemistiri tana cikin na gaba a aji, Fiziks kuwa tun aji huɗu da ƙyar take haye rabi. Na gaya masa gaskiya cewa guraben likitanci kaɗan ne, masu nema kuma suna zuwa da maki sama da nata nesa. Na shimfiɗa masa hanyoyi: ta sake zama baɗi tare da darasin Fiziks na musamman, ko a canza mata kos tun ƙofar canji tana buɗe, ko ta nemi makarantar jinya da ungozoma.

Sai na juya wurinta na ce, "'Yata, ke me kike so?" Ta daɗe ba ta ɗago ba. Can ta ce a hankali, ita ungozoma take so ta zama, tun rasuwar Umma. Uban ya juyo ya dube ta, ya ce bai taɓa jin haka daga bakinta ba. Ya mayar da hularsa ya ce zai je ya yi shawara da yayarsa. Bayan mako ya aiko ta da kuɗin fom.

Waɗanda muka yi bitar tare mun buɗe zaure a WhatsApp, kuma shi ya zame mana makaranta ta biyu. Duk shekara sai wani abu ya sauya, ko ranar rajista, ko mafi ƙarancin maki, ko wata kwalejin da aka ɗaga zuwa jami'a. Wanda ya fara gani sai ya turo, mu kuma mu bincika a shafin hukumar kafin mu gaya wa yara, don labaran ƙarya sun fi yawo a lokacin rajista. Ta nan muka koyi yadda ake neman rancen karatu na NELFUND da aka buɗe a 2024. Ra'ayina dai har gobe shi ne bai kamata a ba malami wannan ofis a bar shi da darussa cike da jadawali, kuma a yi shekaru ba a sake tura shi bita ba. Ni kaina kuɗin data da na mota daga albashina suke fita, kuma na san wasu abokan aikina da suka haƙura suka ajiye saboda haka.

Daga baya ne na fuskanci abin da ya fi komai hana ni barci a wannan aiki. Ɗalibar da ta fi kowa maki a makarantarmu ta samu gurbi, muka danna karɓa tare a wayata, sai ga kawunta ya zo da goron sa ranar aurenta. Yadda muka yi da shi, da zuwan da na yi gidan mai unguwa, shi zan kawo muku a mako mai zuwa in Allah ya kai mu.