Kaluluwar ɗana

Ɗana ya ji rauni a ƙafa wajen ƙwallo a nan Aboabo, sai kaluluwa ta fito masa a matsematsi. Hankalina ya tashi. Ma'aikaciyar jinya ta ce, "Hajiya, kwantar da hankalinki, jikinsa ne ke yaƙi."

Ashe a cikin kaluluwar ne fararen ƙwayoyin jini ke taruwa su tare ƙwayoyin cutar da suka shiga ta raunin. Wasu haɗiye su suke yi, wasu su fitar da sinadarin da zai manne musu. Ikon Allah, wasu ma ba sa manta cutar ko bayan shekaru! Da haka ne rigakafin ƙyanda ke aiki, wanda ake yi wa yara a wata 9. Gobe zan kai ƙanwarsa awo ta karɓi na wata 18.