Ta ina tarwada ta shigo tafkin da ba mu zuba ta ba?

Mun haƙa tafkin kiwo a fadamar Galma, muka zuba 'ya'yan karfasa zalla. Ranar kwasa sai ga tarwada manya-manya a cikin koma, karfasar kuwa ta ragu matuƙa. Maƙwabta suka ce ruwan sama ne ya sauko da su. Mu dai muka bi sawu.

A watan Agusta, lokacin da damina ta yi tsanani a Zariya, ruwa kan kwanta a kan ciyawa tsakanin kogi da tafkin, zurfinsa bai wuce idon sawu ba, kwana biyu ya janye. Wannan ya ishi tarwada. Tana shaƙar iska kai tsaye ta wata gaɓa da ke saman matsefinta, wato abin da take numfashi da shi a cikin ruwa, tana kuma dogara ƙayoyin gefenta biyu ta ja ciki. Da dare na haska tocila na ga ɗaya tana murɗawa a cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, ta nufi bakin tafkin. Ƙananan kuma injin ban ruwa ne ya zuƙo mana su, domin mun bar bakin tiyo ba matata.

Gaiwa ba ta ma buƙatar shigowa. In ruwa ya ƙafe sai ta nutse cikin taɓo, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta, ta bar ƙaramar kafar numfashi, ta yi rani sukutum tana cin jikinta. Masu haƙar ƙasar gini a kududdufi sun sha tono ta da rai.

Zancen da ake yi cewa tsuntsaye na kawo ƙwan kifi cikin tafki yana da ƙamshin gaskiya, amma kaɗan. A wani binciken da aka wallafa a 2020, masu bincike a ƙasar Hangari sun ciyar da agwagi ƙwan kifi kusan 8,000. 18 ne suka fito cikin kashi ba su fashe ba, uku suka ƙyanƙyashe.

Yanzu kafin zubi muna kwashe ruwan kakaf, mu bar ƙasan tafkin ya bushe har ya tsattsage, mu barbaɗa farar ƙasa musamman a ramukan da damshi ya maƙale. Muna ɗaure ragar sauro ninki biyu a bakin tiyo, mu ɗaga gaɓar tafkin, mu kewaye ta da raga mai tsayin rabin mita. Gindin ragar dole a binne shi, don ta ƙasa tarwada ke kutsawa.