Yinin da na yi a kan sunan Kowalski

Laraba, bayan isha'i.

Tun safe suna ɗaya ne a gabana, Kowalski, da tambayar da aka saba yi a kansa: na Yahudawa ne ko na Kiristocin Polan? Duka biyun suna da shi. Tushensa kalmar kowal, wato maƙeri, kuma harafin w ɗin da sautin v ake furta shi. Sai dai ba kowane Kowalski ne jikan maƙeri ba. Akwai garuruwa da ƙauyuka masu suna Kowal da Kowale, ɗafin -ski kuwa asalinsa wurin da mutum ya fito yake nunawa. A Polan shi ne na biyu a yawa bayan Nowak, masu shi sun haura dubu 130, har idan ana son a ce "wane" sai a ce Jan Kowalski. Mace Kowalska ce, iyali kuma Kowalscy. Wanda ya nemi sunan namiji kaɗai, rabin dangin ya wuce shi.

Da hantsi na koma kan rajistocin haihuwa, inda aikin binciken asalin dangi ya fi ɗaukar hankali. Yawancin Yahudawan yankin da sunan uba ake kiransu, wane ɗan wane, har hukuma ta tilasta sunan dangi. Ostiriya ta yi dokarta a 1787, Furusiya, tsohuwar masarautar Jamusawa, a 1797 a yankunan Polan da ta mamaye, Rasha a 1804, Masarautar Polan da ke ƙarƙashin Rasha kuma a 1821. Saboda haka mutum biyu a gari ɗaya kan ɗauki Kowalski a shekara ɗaya ba tare da jini ya haɗa su ba, wa da ƙane kuma kan tashi da sunaye daban. A ɓangaren Ostiriya sunayen Jamusanci aka fi bayarwa, maƙerin can sai ya zama Schmidt.

Ga inda mutane ke ɓacewa. Daga 1808 zuwa 1825, a yankin Warsaw, a littafin da limamin Katolika ke riƙe wa hukuma ake rubuta haihuwar Yahudawa ma. Ganin suna a littafin coci ba hujjar addini ba ce. Sai a 1826 aka ware wa kowane addini nasa. A shekarun farko kuma za a tarar da Moszkowicz, a zaci sunan dangi ne, alhali ɗan Moszek kawai yake nufi. Daga 1868 rubutun ya koma Rashanci, ga kwanan wata biyu a jere da tazarar kwana 12 (13 daga 1900), saboda kalandar Rasha ta bambanta. Daga nan ne Kovalsky ya fito lokacin da aka mayar da sunan haruffan boko.

Maganar cewa jami'an Ellis Island, tsohuwar tashar karɓar baƙi a New York ta Amurka, ne suka sauya wa baƙi sunaye tana damuna, don tana sa mutane su daina nema. Jerin fasinjoji a tashar da jirgi ya taso ake rubuta shi. Sauyin, idan an yi, yawanci mai sunan ne ya yi daga baya.

Da la'asar na tsara matakan neman asalin dangi. A fara da gano garin asali daga takardar jirgi ko ta zama ɗan ƙasa. Sannan a duba fihirisar JRI-Poland da Geneteka, shafukan intanet na neman sunaye a tsofaffin rajistocin Polan, da kowane irin rubutun sunan. Rajistar haihuwa da ba ta kai shekara 100 ba tana ofishin rajistar gari, ta aure da mutuwa kuma shekara 80, bayan haka suke komawa ma'adanar tarihi ta ƙasa.

Gobe rajistar aure zan buɗe, ta wajen 1826, domin ita ce ke kawo iyayen ango da na amarya a shafi ɗaya.