Talata a Maraɗi, mako na huɗu

An ɗauke wuta tun magariba, da fitilar waya nake wannan rubutu, sauro kuwa sun samu abin yi.

Ruwan da aka kwana ana tafkawa ya sa na ɗauka yau ba wanda zai zo. Ƙarfe takwas na leƙa rumfar da ke bayan majami'a, sai na tarar da yara goma sha ɗaya har sun share ruwan da ya kwanta, sun shimfiɗa tabarmi. Kafin tara mun kai ashirin da uku. Sauran suna gona wajen maimai, ni kuma ba na rubuta wannan a matsayin fashi. Yaron da geron gidansu ke jiransa, ina ruwansa da rajistata?

Har yanzu suna yi mini dariyar ranar farko, da na miƙe na ce na zo daga Zariya in koya musu Turanci. Wani ƙaramin yaro ya ce ai suna yi a lakwal, wato makarantar boko. Ashe a nan idan ka ce Turanci, Faransanci mutane da yawa ke ji. Abin da na kawo sunansa Ingilishi. Tun daga ranar nake koyon Hausa sabuwa: littafin rubutu kaye ne, biro bik, malami mushe, ni kuma Madam.

Yau ƙidaya muka yi, kuma na sha kunya. Na kawo tsabar sefa don mu yi wasan kasuwa. Na ɗaga wadda aka rubuta 100 a jikinta, na tambayi yarinyar nan mai tallar gyaɗa nawa ne da Ingilishi. Ba ta yi wata-wata ba ta ce "tuwanti". Na ce ta sake dubawa, ta duba, ta maimaita. Har na fara ɗaga murya, sai ɗalibin jami'ar nan ɗan ikilisiya da ke taya ni ya matso ya ce, "Anti, daidai ta faɗa. Dala ashirin ce." Da dala ake ƙirga kuɗi a nan, kowace dala sefa biyar, saboda haka yarinya ta raba ɗari da biyar a kanta, sannan ta juya amsar zuwa Ingilishi, duk cikin ƙiftawar ido. Wannan ita ce aka cire daga lakwal a aji uku. Na ba ta haƙuri a gaban kowa. Sauran darasin shi ya ja shi, ya zana layi biyu a allo, ɗaya na abin da ke rubuce a jikin kuɗi, ɗaya na abin da baki ke faɗa. Cikin rabin awa suka gane abin da ni da na kwana ina tsarawa ban hango ba.

Da rana Mama Fasto ta dama fura, na sha na kwanta.

Wajen la'asar aka ce ana sallama da ni. Wani dattijo ne, mahaifin biyu daga cikin yaran. Yatsunsa sun guntule, ya ce kuturta ce, an yi masa magani shekarun baya a Danja, asibitin mishan da ke kudu da gari. Muka gaisa, ya tambayi gajiya da baƙunta da mutanen gida, sannan ya zo kan magana.

"Malama, gaskiya nake so. Addini kike koya musu?"

Na ce, "Baba, ni Kirista ce, ikilisiyarmu ce ta aiko ni, kuma kullum ina sa yaranka a addu'a. Amma karatun safe Ingilishi ne zalla. Na Littafi Mai Tsarki ranar Lahadi ake yi, ba kuma yaron da ke shiga sai da yardar iyayensa. Ka zo gobe ka zauna ka ji da kunnenka."

Ya yi shiru, ya ce ya riga ya ji, kwana biyu yana tsayawa a bayan zana. Yana so babban ya iya Ingilishi ne don yana bin kawunsa fatauci ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina, kuma da zarar an tsallaka iyaka kowace takarda da Ingilishi take. Ya kuma ji a rediyo cewa tun 2025 Hausa ce harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci na aiki ne. Sai ya ce, "To idan kin tafi fa?"

Saura mini mako biyu. Ranar da za a koma makaranta a Zariya dole in kasance a ajina. Na buɗe baki in ce Ubangiji zai tanada, sai na ji nauyin faɗa wa mutumin da ya tako cikin taɓo don ya ji amsa. Na ce zan yi magana da Fasto.

Abin da ya hana ni barci ke nan. Zumuntar mata sun yi wata uku suna tara kuɗin motata da guzurina, har da wadda ta sayar da kajinta. Da an ba ɗalibin nan wannan kuɗi, wata nawa zai yi yana koyarwa? Shi ɗan unguwa ne, ya san dala, ya san gidan kowane yaro. Ba na nadamar zuwa, ba kuma zan ce banza na yi ba. Sai dai a rahoton da zan karanta a gaban ikilisiya, hotunan yara suna ɗaga allo ba za su wadatar ba, sai na sa wannan lissafin, ko da wasu za su ɓata rai.

Fasto ya ce mu zauna bayan addu'ar Laraba. Na riga na gaya wa ɗalibin cewa daga gobe shi ne a gaban allo, ni ina baya da alli. Ya ce kunya yake ji saboda Ingilishinsa da ƙamshin Faransanci. Na ce ya zo da tsabar kuɗi, mu ƙarasa ƙidayar har jaka, wato sefa dubu.

Cajin waya saura kashi tara, ban kuma kira Mama ba.