Majigin marayu a Tawa

Sana'ata haya ce. Ina da ɗan shago a Tawa, ina ba masu biki da suna hayar sono (kayan sauti), tanti, kujerun roba da injin wuta. Na'urar majigi daga baya na saye ta, don haska wasannin ƙwallo a unguwa. Garin nan ba baƙon silima ba ne, tun da marigayi Mustafa Alasan, mai finafinan zane, ya daɗe da zama cikinmu kafin rasuwarsa a 2015. Sai dai yanzu kowa a waya yake kallo, shi kaɗai. Shi ya sa ranar da aka ɗaga farin ƙyalle a fili, za ka ga har tsofaffi sun fito da tabarmi.

Wata ƙungiyar mata ce ta fara nemana, suna son a haska fim don tara wa marayun unguwa kuɗin littattafai da takalma. Na yarda, muka sa kuɗin shiga dala 20, wato sefa 100. Wuri ya cika maƙil. Da aka watse sai aka hau cire-cire: mai na inji, masu amalanken jaki da suka kawo kujeru, ruwan sha, samarin da suka tsare ƙofa, da ladan yarana. Shugabarsu, wata dattijuwa, ta dubi abin da ya rage a faranti ta ce, "Ɗana, wannan ne na marayun?" Na ce, "Shi ne, Inna." Ba ta ƙara magana ba. Ban ci hakkin kowa ba, amma daren nan barci bai ɗauke ni ba.

Tun daga ranar na kafa sharaɗi ɗaya. Ba na ɗaura allo sai an biya dukkan ɗawainiya tun kafin ranar, daga wata hanya daban. Kuɗin ƙofa da na faranti ba mai taɓa ko dala. Masu biyan ɗawainiya kuwa ba su da wuyar samu in an nemi su da mutunci: ƴan kasuwa biyu ko uku, sai ƴan uwanmu Adarawa da ke neman kuɗi a Abijan. Saƙon murya ɗaya daga bakin mai unguwa a WhatsApp ya fi takarda goma aiki a wurinsu. Ni kuma ina faɗin kuɗin aikina a fili, rabin abin da nake karɓa a biki. Ba na cewa kyauta ne alhali ba kyauta ba, domin ina da ma'aikata masu iyali.

Zaɓen rana ma aiki ne. Damina ba ta yi, hadari ɗaya ya isa ya lalata kaya. Afrilu da Mayu zafi ya kan wuce awo 40, na'ura kan kashe kanta. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinmu, amma a kauce wa ranakun kokowar takobi ta ƙasa, don hankalin gari duk yana can. Na fi son daren Lahadi: ranar babbar kasuwa ce, aljihu da ɗan nauyi. Ana farawa bayan sallar isha'i, kuma sai liman ya sani, mai unguwa ya yarda, an kai takarda ofishin magajin gari, an sanar da ƴan sanda. Fim ɗin kansa mai shi ne: a nemi izininsa, a kuma tuntuɓi BNDA, hukumar kare hakkin mawallafa. Ba daidai ba ne a yi sadaka da gumin wani bai sani ba.

A wurin aiki, abin da sababbi ba su gane ba shi ne murya ta fi hoto. Mutane za su haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma in ba su ji magana ba, minti 10 sun tashi. Ina ɗora lasifika kan tebur su wuce tsayin kai, injin wuta kuma in kai shi bayan katanga da doguwar waya. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, ƙyalle kuwa in ya sha iska ba ya tsayawa, don haka jikin bango nake jingina shi. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaba. Kowace safiya bayan aiki sai na buɗe matatar iskar na'urar na kakkaɓe. Fim na Hausa nake so, wanda uwa za ta kalla da ɗanta ba kunya, kuma kada ya wuce minti 90. Mata gefe, maza gefe, yara a gaba.

A tsakiyar fim muke tsayawa. Shugabar ƙungiya ta yi magana ta minti 5, faranti ya zaga. Wani ya taɓa ba da shawarar a jera marayun gaban allo don zukata su yi laushi. Na ƙi, kuma har gobe zan ƙi. Gobe da safe yaran nan makaranta ɗaya za su tafi da ƴaƴan masu kallo.

Kafin a watse ake ƙidaya, kan tabarma, ƙarƙashin fitila, gaban liman da mai unguwa da mata biyu na ƙungiya. Ni da yarana muna can muna naɗe waya. In sun gama, in miƙa wa liman makirufo ya faɗi adadin kowa ya ji. A majigin da muka yi na baya, dattijuwar nan ta ɗaure kuɗin a bakin zanenta, ta zo inda nake kwance lasifika ta ce, "Allah shi yi ma albarka, ɗana. Baɗi ka riƙe mana daren Lahadi."