Abin da na koya a gidan rediyo lokacin korona

Tunda yanzu na ajiye aikin, bari in faɗi abin da ya daɗe yana ci min rai. A watan Afrilun 2020 da aka riƙa mace-mace a Kano, dattawa da malamai da farfesoshi, har sanarwar rasuwa ta fi labarai yawa a tashar mu, na ɗauki rikoda na nufi maƙabarta. Masu haƙan kabari suka nuna min tafin hannunsu duk ya yi kanta, suka ce kafin su rufe wani an shigo da wata makarar. A can na haɗu da wani saurayi da ya yi ta yawo da mahaifinsa mai ciwon suga a motar maƙwabci, wannan asibitin kuɗin a garƙame, wancan sun ƙi karɓa don tsoron korona, har rai ya yi halinsa a hanya.

Na haɗa rahoto na kai wa oga. Ya saurara ya ce, "Ke Malama, so kike a rufe mana tasha?" Ya yanke muryar yaron, ya yanke ta masu haƙa, ya ɗora bayanin gwamnati cewa hawan jini ne da ciwon suga da sanƙarau da maleriya. Kullum sai mu karanta alƙaluman NCDC, hukumar daƙile cututtuka ta ƙasa, alhali ɗakin gwajin Kano ma an rufe shi na kwanaki, to wa aka gwada balle a ƙirga shi? Su kuma jaridun Legas da na waje babu abin da suke so irin kanun "mace-mace masu ban mamaki", ba kowa ne ya tsaya kan marasa lafiyar da aka kora daga ƙofar asibiti ba.

A watan Yuni ministan lafiya na lokacin Osagie Ehanire ya ce cikin mutum 979 da suka rasu, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce sanadi. Oga da kansa ya sa shi a kanun labarai, ko kallona bai yi ba.

Ku ƙannena da ke shigowa aikin, ku riƙa ajiye kwafin muryoyin da kuka ɗauko kafin edita ya taɓa. In an ba ku adadi ku tambayi mutum nawa aka gwada. Kuma kar ku kira mai shakkar allurar rigakafi jahili a iska, mutanen Kano ba su manta da gwajin maganin sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara a 1996 ba, ku nemo likita ya amsa masa tambayarsa.